Dokar 80 da 20: Rabon da Amurka ta yanka wa kamfanonin inshorar lafiya, da inda suka zille

A safiyar 4 ga Disamba, 2024, aka bindige Brian Thompson, shugaban kamfanin inshorar lafiya na UnitedHealthcare, a ƙofar wani otal a birnin New York, yana shirin shiga taron masu hannun jari. Kisan kai ne, ba shi da wani suna, kuma wanda aka kama, Luigi Mangione, ya musanta tuhumar a gaban kotu. Abin da ya biyo baya ne ya ba duniya mamaki. Inda ake zaton jin ta'aziyya, sai Amurkawa suka ɓarke da ƙorafi, wannan ya ce an hana mahaifiyarsa kuɗin maganin ciwon daji, wancan ya ce ya shekara yana buga waya a kan takardar asibiti guda. Washegari kamfanin Anthem Blue Cross Blue Shield ya janye wani tsari da ya shirya farawa a jihohi uku, na ƙayyade tsawon lokacin da zai biya kuɗin allurar barci a ɗakin tiyata. Wato in aikin likita ya zarce lokacin da kamfani ya yanka, ragowar ba ruwansa.

To ƙasar ba ta da doka ne? Tana da ita. Akwai ma wadda aka yi musamman don taka wa haɗamar kamfanonin burki.

Kafin a je kanta, sai an san yadda ake biyan kuɗin asibiti a can. Gwamnati na ɗaukar nauyin waɗanda suka kai shekara 65 ta shirin Medicare, da masu ƙaramin ƙarfi ta shirin Medicaid, duka biyun tun 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Kusan rabin jama'a kuwa inshorarsu a maƙale take da wurin aiki. Abin ya samo asali ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai masana'antu suka koma zawarcin ma'aikata da inshorar lafiya, daga baya dokar haraji ta 1954 ta yafe wa wannan kuɗi haraji, tsarin ya zauna daram. A 2024 matsakaicin zubin inshorar iyali ta wurin aiki ya kai dala 25,572 a shekara, ana cire wa ma'aikaci wajen dala 6,300 daga albashi, wurin aiki ya cike sauran. Kuma zubin bai sa an huta ba, domin akwai wani adadi, galibi sama da dala dubu, da mutum zai fara kashewa daga aljihunsa kowace shekara kafin kamfani ya sa hannu a nasa aljihun.

Ranar 23 ga Maris, 2010, Barack Obama ya sa hannu a dokar da ake kira Obamacare. A cikinta akwai wani sashe da Sanata Al Franken na jihar Minnesota ya matsa aka saka, wanda ya fara aiki a 2011. Abin da ya ce a taƙaice: a duk dala 100 da kamfani ya karɓa na zubi daga ɗaiɗaikun mutane da ƙananan wuraren aiki, dole aƙalla dala 80 ta tafi wajen maganin masu zubin. Idan babban wurin aiki ne mai ma'aikata da yawa, 85 ce. Abin da ya rage, a cikinsa kamfani zai biya albashi da talla da hayar ofis da la'adar dillalai, ya kuma cire riba. Kamfanin da ya gaza kai wannan ma'auni zai mayar wa masu zubi canjinsu.

A ce wani kamfani ya tara dala miliyan 100 a wata jiha, bayan an cire haraji da kuɗin lasisi. A ƙarshen lissafi aka ga miliyan 76 ya kashe a kan marasa lafiya. To miliyan 4 ba tasa ba ce. Zai raba wa masu zubi, ko dai ta caki ko a rage musu zubin gaba, kafin ƙarshen watan Satumba. Ana auna shi da matsakaicin shekara uku, kuma jiha-jiha, don kada ya ɓoye ribar da ya kwasa a Texas a cikin asarar da ya yi a Ohio. Idan wurin aiki ne ya sayi inshorar, canjin wurin aikin ake ba, shi kuma ya raba wa ma'aikata gwargwadon abin da aka cire musu.

Kuma an mayar da kuɗi, ba tatsuniya ba ce. A 2012 sama da dala biliyan 1 ta koma hannun mutane, a 2020 wajen biliyan 2.5, jimilla kusan biliyan 12 zuwa 2023. Sai dai a ƙasar da ta kashe dala tiriliyan 4.9 kan lafiya a 2023 kaɗai, wato kashi 17.6 cikin 100 na duk arzikin da ta samar, wannan ɗigo ne a cikin randa.

Matsalar farko duk wanda ya taɓa zama a kara ranar kasuwa ya san ta. Dillalin da la'adarsa kaso ce daga kuɗin saniya, me zai sa ya so farashin saniya ya faɗi? Dokar ta yanka wa kamfani kashi 20, amma ba ta ce uffan ba kan girman abin da ake rabawa. Kashi 20 na miliyan 100 miliyan 20 ce. Idan asibitoci suka tsawwala kuɗi, kamfani ya biya, sannan ya ɗaga zubi ya koma miliyan 150, rabonsa ya zama miliyan 30, kuma bai taka doka ko da taku ɗaya ba. Wanda ya kamata ya tsaya ya yi ciniki da asibiti a madadin mai zubi, an mai da shi wanda tsada ke yi wa rana. Masana tattalin arziki da suka bi sawun shekarun farko na dokar sun tarar kamfanonin da suka gaza kai ma'aunin sun fi cike giɓin ta hanyar ƙara abin da suke biya, ba ta rage wa mutane zubi ba.

Ta biyun ta fi wayo. Dokar ta ɗaure kamfanin inshora, ba ta ɗaure asibiti ko kantin magani ba. Sai manyan kamfanonin suka shiga sayen asibitocin da kantunan. A 2018 CVS, mai dubban kantunan magani, ya sayi Aetna a kan wajen dala biliyan 69. A shekarar Cigna ya sayi Express Scripts, dillalin magunguna. UnitedHealth Group, uwar kamfanin da marigayi Thompson ke jagoranta, tana da reshe mai suna Optum wanda a 2023 yake da alaƙa da likitoci kusan 90,000, ga dillancin magani, ga sarrafa takardun biya. A 2023 kuɗin shigar UnitedHealth Group ya kai dala biliyan 371.6, ribarta sama da biliyan 22, ban da cinikin fiye da biliyan 130 da rassanta suka yi a junansu. Idan UnitedHealthcare ya biya likitan Optum, a takarda wannan kuɗin magani ne, ya shiga cikin kashi 80 ko 85. A zahiri daga aljihun dama aka cire aka sa a na hagu, kuma ribar aljihun hagun babu dokar da ta yi mata iyaka.

Adalci dai a faɗa: ribar kamfanin inshora, in aka auna da kuɗin da ke bi ta hannunsa, ba ta kai ta manyan kamfanonin haɗa magani ba, kuma babban abin da ke sa Amurka ta fi sauran ƙasashe masu arziki kashe kuɗi shi ne farashin asibiti da na magani. Amma asibiti ba ya rubuto maka wasiƙar a'a. Kamfanin inshora ke rubuto ta, shi ya sa fushin ya sauka a kansa.

Ita wannan wasiƙar, dokar 80 da 20 ba ta san da ita ba. Muddin jimillar lissafi ta kai ma'auni, ba ruwanta da wanda aka hana. A ce direban tasi ne a unguwar Bronx, baya ya riƙe masa, likita ya rubuta a yi masa hoton MRI. Kafin a yi sai kamfani ya sahale. Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin asibiti a Kano ko Kaduna yana jiran kamfanin HMO ya turo lambar izini ya san ɗanɗanon wannan jira. Bayan kwanaki wasiƙa ta zo, shafi uku, a tsakiya layi guda: ba dole ba ne a likitance, a fara gwada gashi na sati shida. Wanda ya sa hannu bai taɓa ganin bayan ba. A 2023 kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta ruwaito cewa likitocin Cigna sun ƙi takardun biya sama da 300,000 cikin wata biyu ta wani tsarin kwamfuta, kowace takarda ta ci musu daƙiƙa 1.2 a matsakaici. Kamfanin ya ce ba a fahimci tsarin daidai ba. Cibiyar binciken harkar lafiya ta KFF kuma ta tarar cewa a inshorar da ake saye ta kasuwar gwamnatin tarayya, an ƙi kusan ɗaya cikin kowace takardar biya biyar a 2023.

A nan wani sashen na Obamacare ya ba direban makami. Yana da kwana 180 ya ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin. Dole a ba shi amsa cikin kwana 30 idan ba a yi maganin ba tukuna, kwana 60 idan an riga an yi, awa 72 idan abin na gaggawa ne. In suka sake ƙi, yana da wata huɗu ya kai wa masu duba na waje waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba, kuma abin da suka yanke ya hau kan kamfanin, ko ya so ko ya ƙi. Abin takaicin, ko kashi 1 cikin 100 na takardun da aka ƙi ba a ɗaukaka ƙara a kansu. Alhali a shirin Medicare Advantage, inda kamfanoni ke riƙe wa gwamnati inshorar tsofaffi, cikin waɗanda suka daure suka ɗaukaka ƙara kan hana izini, fiye da kashi 80 an juya hukuncin. Ni a ganina wannan adadin ya fi kowane tona asiri: a'a ta farko sau da yawa gwaji ce, a ga wa zai gaji. Mai ciwo kuwa shi ne mai saurin gajiya.

Saura wani rami da yawancin Amurkawa ma ba su san suna ciki ba. Fiye da kashi 60 na ma'aikatan da ke da inshora ta wurin aiki, wurin aikin ne ke biyan kuɗin maganin daga asusunsa, kamfanin inshora ɗan kwangila ne kawai mai duba takardu, ko da sunansa ne a jikin katin. Irin wannan tsari dokar 80 da 20 ba ta shafe shi ba sam. Yana ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA, wadda ta hana jihohi sa masa hannu. Ƙari a kan haka, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2004, a shari'ar Aetna da Davila, cewa mai inshorar wurin aiki da aka hana magani ya cutu ba zai iya neman diyyar cutarwa ta dokar jiha ba. Iyakar abin da zai ci a kotu shi ne kuɗin maganin da aka hana shi tun farko. Kamfanin da ya ƙi biya ba bisa ƙa'ida ba, mafi munin abin da zai same shi shi ne ya biya a makare.

Ko fushin zai zama canji? Tarihi bai ba da ƙwarin gwiwa ba. Shugaba Harry Truman ya nemi inshorar ƙasa baki ɗaya a 1945, ƙungiyar likitoci ta kayar da shi. Bill Clinton ya gwada a 1993, kamfanonin inshora suka zuba kuɗi a tallan talabijin, shirin ya mutu ko ƙuri'a ba a kaɗa masa ba. Ita kanta Obamacare da farko tana ɗauke da shirin inshorar gwamnati da zai yi gogayya da kamfanoni, aka cire shi don a samu ƙuri'ar Sanata Joe Lieberman na Connecticut, jihar da Aetna ke da hedikwata. A Yulin 2017 da ƙuri'a 51 da 49 ta tsira daga rusau, bayan Sanata John McCain na Republican ya juya babban yatsansa ƙasa, alamar bai yarda a rushe ta ba. Sanata Bernie Sanders ya shekara da shekaru yana kiran a ba kowa Medicare, maganar ba ta taɓa kusantar zama doka ba.

Jama'ar ma zuciyarsu biyu. A ƙarshen 2024 cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup ta tarar kashi 62 na cewa haƙƙin gwamnati ne ta tabbatar kowa na da inshora, amma in aka tambayi mutum tasa inshorar, mafi yawa sai su ce ba laifi. Mai lafiya bai gwada katinsa ba tukuna, kuma masu lafiya sun fi yawa ranar zaɓe.

Don haka gyaran da ake samu gutsure-gutsure ne. Daga Janairun 2022 an hana aiko wa mara lafiya takardar kuɗin ba-zata daga likitan da ba ya cikin jerin kamfaninsa idan gaggawa ce ta kai shi. Dokar 2022 ta tsayar da kuɗin insulin a dala 35 a wata ga masu Medicare. California ta yi doka, ta fara aiki a Janairun 2025, cewa likita ne zai yanke ko magani dole ne, ba kwamfuta ba. Sai dai dokar jiha ce, ba ta kai ga ma'aikacin da wurin aikinsa ke biya daga asusunsa ba. Wannan sai an taɓa ERISA, taɓa ERISA kuwa sai Majalisar Dattawa, inda duk dokar da ba ta kasafin kuɗi ba ce ke buƙatar sanatoci 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a. Rabon wata jam'iyya da kujeru 60 tun farkon 2010, lokacin da Scott Brown na Republican ya ci kujerar marigayi Sanata Ted Kennedy a Massachusetts, jam'iyyar Democrat ta rasa kujerarta ta 60.