Waiwaye: yadda haƙar yashi da tsakuwa ta sauya gundumar Gloucestershire

Duk wanda ya kalli taswirar kudancin Gloucestershire a Ingila, wajen Cirencester zuwa Fairford da Lechlade, zai ga tafkuna birjik sama da 150, to ba haka Allah ya halicci wurin ba fa, ramukan tsakuwa ne. Kogin Thames da rassansa ne suka jibge yashi da tsakuwa a kwarin tun zamanin ƙanƙara, kuma ruwa a nan kusa yake da saman ƙasa, ana haƙa kaɗan sai ya ɓulɓulo ya cike ramin.

Abin ya yi ƙamari ne bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ake ta sake gina gidaje da tituna kowa na neman kankare. Dokar tsara birane da karkara ta 1947 ce ta kawo tsarin cewa ko filinka ne sai ka nemi izini kafin ka haƙa, yau kuma majalisar gunduma ce ke riƙe da wannan wuƙa da nama. Sai dai tsofaffin izinin da aka bayar a shekarun 1940 kusan babu wani sharaɗi a kansu, kamfani ya kwashe ya bar rami ya yi gaba abinsa, sai a 1991 da 1995 aka yi dokokin da suka tilasta sake duba su. An daɗe fa.

A 2002 gwamnati ta ɗora haraji, fam 1.60 kan kowane tan na yashi, tsakuwa ko dutse da aka haƙo, don a koma amfani da ɓaraguzan gini.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafin ajiya. Tsarin ƙasa na 2012 ya ce kowace gunduma ta tabbata tana da yashi da tsakuwa na aƙalla shekara 7 wanda an riga an ba da izinin haƙarsa, dutsen da ake fasawa kuma shekara 10, kuma ana auna shi ne da matsakaicin abin da aka sayar a shekaru 10 da suka wuce. Kenan da zarar lissafi ya yi ƙasa da 7 kamfanoni sun samu hujja, majalisa kuma ƙin amincewa ya yi mata wuya ko da mutanen ƙauye na kukan ƙura da rugugin tifofi a ƙofar gidajensu. Wannan ne gaskiya yake damu na, ana ƙirga tan da shekaru amma gonar da ta zama ruwa ta tafi kenan.

Yanzu ma barin ramin ya zama tafki ba ko'ina ake yarda ba, saboda sansanin jiragen yaƙi na Fairford na kusa kuma sojoji na tsoron tsuntsayen ruwa su shiga injin jirgi. A 2020 majalisar ta amince da sabon tsarin ma'adinai da zai kai 2032, kuma dai wannan kwarin na Thames ne aka sake nunawa don haƙar yashi da tsakuwa.