Asu a akwatin kayan sanyi: a kula kafin damina

Da hunturu ya wuce, gidaje da yawa a Kano sukan naɗe bargo, rigunan sanyi na ulu da darduma, a cusa a akwati sai baɗi. A nan asu yake yin gida.

Asu ɗan ƙwaro ne mai fukafukai, ruwan ƙasa mai ɗan ƙyalli, tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba. Ba ya son haske, da an ɗaga kaya sai ya ruga ya ɓuya. Asun da ya girma ya yi fukafukai ba ya cin komai. Macen kan zuba ƙwai kamar 40 zuwa 50 a ninkin tufa, su ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 10 idan da ɗumi. Tsutsar, fara mai duhun kai, ita ce mai ɓarnar. Asalin abincinta gashin mushe da gashin tsuntsu a sheƙa, shi ya sa take bin ulu da fata mai gashi. Masu sayar da buzu a Kurmi su lura. Auduga zalla ba ta dame ta ba, sai in an haɗa ta da ulu ko ta sha gumi da maiƙo. A duba wuyan riga da hammata: ƙananan huji, zare-zare kamar yanar gizo, da kashinta mai kama da yashi.

Kada a ajiye tufa da datti. Abin da zai jure ruwan zafi a jiƙa shi a wanda ya kai digiri 50 a ma'aunin Celsius na minti 30. Bargo da darduma a shanya a ranar bazara, a kaɗe, a goge ninki da buroshi, domin ƙwan manne yake. A share kusurwar akwati, sannan a ɗaure kayan a leda mai kauri. Laimar damina tana hanzarta girman tsutsar, don haka a sake dubawa a watan Agusta.

Maganar kafur ɗin da ake sakawa a akwati don korar asu kuwa, iyaye mata a yi hattara. Kada a sa shi a kayan jarirai ko kaɗan. Akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, tururinsa yana farfasa musu ƙwayoyin jini, su kamu da shawara mai tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shanya shi a hantsi.