Mai ciwon daji da korona: kada a jira ta yi tsanani

Jama'a, an daina maganar korona, an ajiye takunkumin fuska, kuma tun ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci da ta sa a kan cutar. Sai dai ƙwayar cutar tana nan tana yawo a tsakaninmu. Mai ƙarfin jiki kan yi 'yan kwanaki yana mura da ciwon jiki ya miƙe. Mai fama da ciwon daji kuwa, abin na iya kai shi gadon asibiti, shi ya sa nake son mu yi magana da shi da masu jinyarsa.

Tushen matsalar garkuwar jiki ce. A cikin ɓargo ake ƙera fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke yaƙar cuta. Maganin kemo, wanda ake ba masu ciwon daji, yana bin duk ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa yana kashewa, to ɓargo ma yakan sha bugu. Yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an yi kemo ne fararen ƙwayoyin ke yin ƙasa sosai, kuma a wannan tsakanin ƙaramar cuta ma kan zama babba.

Haɗarin ba ɗaya ba ne ga kowa. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne masu sankarar jini, wato irin su lukimiya da limfoma da mayeloma, domin ciwon nasu a cikin sojojin jikin yake zaune. Haka waɗanda aka yi wa dashen ɓargo, da masu karɓar magani irin rituximab, wanda ke kwantar da ƙwayoyin da ke haɗa makaman garkuwa har tsawon watanni bayan an gama shi. Sai masu sankarar huhu, waɗanda dama numfashin nasu a takure yake kafin korona ta zo ta sauka a wuri guda. Ga kuma daskarewar jini a jijiya: ciwon daji yana jawo ta, korona ma tana jawo ta, idan suka haɗu abin ya ninku. Tsufa, ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya da shan taba duk suna ƙara nauyi a kan wannan.

A shekarar 2020, kafin a samu rigakafi, mujallar likitoci ta Lancet ta buga bincike biyu. A na farko, wanda aka yi galibi a Amurka, an bi masu ciwon daji 928 da suka kamu da korona, kashi 13 cikin ɗari suka rasu cikin kwana 30. A na biyu, a Birtaniya, cikin mutum 800 kashi 28 cikin ɗari ne suka rasu. Alƙaluma ne masu tayar da hankali, amma na farkon annoba ne. Rigakafi da magunguna sun sauko da su sosai daga baya.

Akwai wani abu a binciken Birtaniya da nake so kowane majinyaci ya riƙe. Da aka yi la'akari da shekaru da sauran cututtuka, ba a ga cewa yin kemo a makonni huɗu kafin kamuwa ya ƙara yawan mutuwa ba. Ina nanata wannan ne saboda abin da ya fi ci mini rai a aikin nan shi ne mutum ya daina zuwa karɓar maganinsa don tsoron kamuwa da cuta a asibiti. Ciwon daji ba ya tsayawa jiran kowa. Idan akwai dalilin ɗage kemo ko tiyata, likitan da ke duba ka ne zai ɗage, kuma shi zai sa ranar komawa.

To, idan alamu suka fara fa? Ka ajiye ma'aunin zafin jiki kusa da kai. Zafi ya kai maki 38 alhali kana kan kemo, ko tsakar dare ne ka nemi asibiti, kada ka sha farasitamol ka rufe zazzaɓin ka kwanta. Wataƙila korona ce, wataƙila wata cuta ce ta shiga jini, kuma gwaji ne kaɗai zai raba gardama. Tari, ciwon maƙogwaro ko wata kasala da ba ka saba ji ba, su ma ka faɗa da wuri, ko da kana ganin ba su kai a kawo ba.

Dalilin gaggawar shi ne magungunan korona suna da wa'adi. Ƙwayoyin Paxlovid sai an fara su cikin kwana 5 da bayyanar alamu, remdesivir da ake sawa ta jijiya kuma cikin kwana 7. Paxlovid ba ya jituwa da wasu magunguna, ciki har da wasu na ciwon daji da na tsinka jini, don haka ka tafi da duk abin da kake sha likita ya gani. Dexamethasone, wani maganin rage kumburi, na wanda ya kai ga buƙatar iskar oksijin ne; shan sa da ka tun farko na iya ƙara kwantar da garkuwar da dama ta raunana.

Masu jinya, ku sa ido. Numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, ruɗewa, barcin da ba a iya tayar da mutum, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, duk na gudu asibiti ne nan take.

Allurar rigakafin korona ba ta ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta da za ta iya sa wa mutum korona, kuma masu ciwon daji suna iya karɓa. Jikinsu dai ba ya amsawa da ƙarfi kamar na sauran mutane, musamman masu sankarar jini, shi ya sa ake ba su ƙarin allurai, likita kuma ya zaɓi lokacin da ya dace da jadawalin maganinsu. Mutanen gida su ma su karɓa, a bar iska tana ratsa ɗaki, mai tari ko mura ya haƙura da zuwa dubiya har ya warke. Kuma da yake mai raunin garkuwa kan daɗe yana ɗauke da ƙwayar cutar fiye da sauran mutane, idan ka kamu ka sanar da sashen da kake karɓar kemo kafin ranar zuwanka, don su shirya maka wurin zama daban da na sauran majinyata.