Koyon Tuƙa Ƙaramin Jirgi Maras Matuƙi a Saudiyya

Ƙaramin jirgi maras matuƙi na'ura ce mai aiki da batir, galibi mai farfela huɗu, wadda ake sarrafawa daga ƙasa da rimot, a haɗa shi da waya don ganin abin da kyamararsa ke ɗauka. Cikin matasan Hausawa mazauna Jidda, Makka da Madina akwai masu sayensa don ɗaukar hoto da bidiyo, sai dai a ƙasar nan doka ake fara koyo kafin a koyi tuƙi.

Doka

A watan Afrilun 2018 jami'an tsaro sun harbo wani jirgin wasa maras matuƙi a unguwar Khuzama da ke Riyad, kusa da fadar sarki. Daga nan aka tsaurara, kuma a farkon 2019 hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato GACA, ta buɗe ba da izini ta intanet. Jirgin da nauyinsa ya kai giram 250 sai an yi masa rajista. Ba a wuce ƙafa 400 a sama, kimanin mita 120, kuma ba a bari ya ɓace wa idon mai tuƙi. Kusa da filayen jirgin sama da wuraren soja haramun ne. Sararin Harami biyu na Makka da Madina kuwa ba wurin gwaji ba ne ko kaɗan. Ɗaukar mutane ba da yardarsu ba na iya faɗawa ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2007, mai hukuncin ɗauri har shekara guda ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun.

Koyon hannu

A tsarin da ya fi yawa, sandar hagu ta rimot ke ɗaga jirgi, ta sauke shi, ta juya fuskarsa. Ta dama ke kai shi gaba, baya da gefe. Sabon shiga ya nemi fili mai faɗi, ya jira jirgin ya kama GPS, wato siginar tauraron ɗan'adam mai nuna wuri, ya adana wurin tashinsa, sannan ya ɗaga shi mita biyu ya tsayar. Inda aka fi yin karo shi ne lokacin da jirgi ya fuskanci mai tuƙi, domin dama da hagu sun juye. Wannan darasi ya fi duk wani salon ɗaukar bidiyo muhimmanci, ko da yake shi aka fi tsallakewa.

Zafi da yashi

Nan ne yanayin Saudiyya ke da nasa sharaɗi. Yawancin ƙananan jirage, irin su DJI Mini, an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali ranar bazara a Makka ko Riyad kan haura haka. Batirin lithiyam da aka bari cikin mota a rana yakan kumbura, har ya kama da wuta, kuma wanda ya kumbura ba a sake amfani da shi. Ita ma wayar da ke kan rimot takan dusashe haskenta idan ta yi zafi, mai tuƙi ya rasa gani. Shi ya sa bayan asuba ya fi, iska ma ba ta taso ba.

Yashi kuwa farfela ke tayar da shi wajen tashi da sauka, maganaɗisun injin ya janyo ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa su maƙale. Shimfiɗa tabarma ko faifan katako na rage wannan. A bakin tekun Jidda, a fara tafiya ta inda iska ke fitowa, domin dawowa ta yi sauƙi lokacin da batir ya yi ƙasa.