Clara Petacci

Clara Petacci, wadda aka fi sani da Claretta, 'yar Italiya ce da ta yi suna a matsayin farkar Benito Mussolini, shugaban gwamnatin kama-karya ta jam'iyyar Fasist a Italiya. An haife ta a Roma ranar 28 ga Fabrairu 1912, a gidan masu hali. Mahaifinta, Francesco Saverio Petacci, likita ne a fadar Fafaroma. Tun tana yarinya take rubuta wa Mussolini wasiƙu, amma sai a 1932 suka haɗu, a kan hanyar Ostia. Ya girme ta da shekara 28, kuma yana da mata, Rachele, da 'ya'ya.

A 1934 ta auri wani hafsan sojan sama, Riccardo Federici. Auren bai je ko'ina ba, suka rabu a 1936, daga nan ta zama ta Mussolini. An ware mata ɗakuna a Palazzo Venezia, inda ofishinsa yake. Takan wuni a can tana jiran ya samu sarari, kuma cikin wannan zaman jira ta riƙa rubuta duk abin da ya faɗa mata: kishinsa, tsoron tsufansa, zagin da yake yi wa Yahudawa. Ba ta taɓa riƙe muƙami ba, amma danginta sun ci moriyar kusancin, musamman wanta Marcello, wanda harkokin kuɗinsa suka jawo wa gidan baƙin jini har a cikin jam'iyyar.

Da aka tumɓuke Mussolini a Yuli 1943, an tsare ta a Novara. Bayan an sake ta, ta bi shi bakin tafkin Garda, inda ya kafa gwamnati a ƙarƙashin Jamusawa. Ranar 27 ga Afrilu 1945 'yan gwagwarmayar da ke yaƙar gwamnatin Fasist suka kama ta tare da Mussolini a Dongo, kusa da tafkin Como. Washegari aka harbe su tare a Giulino di Mezzegra, tana da shekara 33, ba tare da an gurfanar da ita gaban wata kotu ba. Ranar 29 ga wata aka rataye gawarwakinsu kai a ƙasa a dandalin Loreto da ke Milan.

Gwamnati ta riƙe kundayen rubutunta shekaru da dama, sai a 2009 aka fara buga wani sashe nasu. Kabarinta yana maƙabartar Verano a Roma.