Mota Mai Tashi Sama

Mota mai tashi sama abin hawa ne da aka ƙera domin ya bi titi kamar kowace mota, kuma ya iya tashi ya ratsa sararin samaniya kamar jirgi. A ainihin ma'anarta, sai ta cika sharuɗɗa biyu: ta samu izinin hawa hanya tare da sauran ababen hawa, ta kuma samu shaidar cancantar tashi daga hukumar kula da jiragen sama. A 'yan shekarun nan kafofin yaɗa labarai sun faɗaɗa sunan har ya haɗa da ƙananan jiragen lantarki masu tashi tsaye da sauka tsaye, duk da cewa mafi yawansu ba a yi su don hawa kwalta ba. An shafe fiye da shekara 100 ana wannan ƙoƙari, kuma samfura da dama sun tashi da gaske, amma har yanzu babu wadda aka kai ga ƙerawa da yawa ana sayar wa jama'a.

Tarihi

Galibin masu bin tarihin wannan fanni suna farawa ne da Glenn Curtiss, ɗaya daga cikin magabatan ƙera jiragen sama a Amurka, wanda ya baje kolin wani abin hawa mai suna Autoplane a birnin New York a 1917. Jikinsa na mota ne, an ɗora masa fukafukai hawa uku da farfela a baya. An ruwaito cewa ya ɗan ɗaga daga ƙasa, amma bai yi cikakken tashi ba, kuma shigar Amurka Yaƙin Duniya na Ɗaya ta sa aka jingine aikin.

Henry Ford, wanda ya sa mota ta zama abin da ma'aikaci zai iya saya, ya so ya maimaita hakan a sama. A 1926 kamfaninsa ya fito da wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera ɗaya da ake kira Flivver. Ba mota ba ne, jirgi ne da aka yi niyyar ya shiga hannun kowa, sai dai a 1928 ɗaya daga cikinsu ya faɗa teku a gaɓar Fulorida, matuƙin gwajinsa Harry Brooks ya rasu, daga nan aka dakatar da shirin. A 1937 Waldo Waterman ya tashi da Arrowbile, mai taya uku da injin motar Studebaker, wadda ake cire mata fukafukai a bar su a filin jirgi. 'Yan ƙalilan kawai aka ƙera.

Shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu su ne lokacin da aka fi sa rai. Dubban matuƙa sun dawo gida daga fagen daga, masana'antun jiragen yaƙi suna neman sabuwar kasuwa, kuma an yi zaton kowane gida mai hali zai mallaki jirginsa. Robert Fulton ya ƙera Airphibian a wajajen 1946, wadda gabanta ke rabuwa da fukafukai da jela ya zama ƙaramar mota, kuma a 1950 ta samu shaidar hukumar jiragen sama ta Amurka. Kuɗin da neman shaidar ya lashe ne ya karya kamfanin. A 1947 kamfanin Convair ya gwada wata mota mai kujera huɗu wadda ake ɗaura wa inji da fukafukan jirgi a saman rufinta. A watan Nuwamba na shekarar ta yi saukar dole kusa da San Diego saboda man jirgin ya ƙare, motar ta lalace, matuƙin ya tsira. Bayanin da aka fi yaɗawa shi ne cewa kafin tashi ya duba ma'aunin man motar, ya ga tanki cike, bai duba na injin jirgin ba. Wannan ƙaramin kuskure ya nuna haɗarin da ke tattare da cusa na'urori biyu a jiki ɗaya, kowace da nata ma'auni da nata ƙa'ida.

Wadda ta fi kusa da nasara ita ce Aerocar ta Moulton Taylor, wadda aka kammala a 1949 ta kuma samu shaidar tashi a 1956. Hikimarta ita ce ba a barin fukafukan a filin jirgi: ana naɗe su su zama tirela, motar ta ja su a baya duk inda za ta. An yi yarjejeniyar fara ƙera ta da yawa idan aka samu masu saye 500, amma ba a kai adadin ba, kuma guda 6 kacal aka yi. Daga baya dokokin kare lafiyar fasinja da na hayaƙin mota suka tsananta a Amurka, abin da ya ƙara wa kowace mota nauyi, ya kuma ƙara nisanta ta da tashi. A watan Satumba na 1973 wani samfuri mai suna Mizar, wanda aka haɗa daga motar Ford Pinto da bayan jirgin Cessna, ya faɗo a Oxnard ta jihar Kalifoniya, ya hallaka mai ƙirarsa Henry Smolinski da abokin aikinsa.

Bayan dogon shiru, sha'awar ta farfaɗo a farkon wannan ƙarni. Waɗansu da suka yi karatu a jami'ar MIT ta Amurka sun kafa kamfanin Terrafugia a 2006, motarsu mai naɗe fukafukai ta fara tashi a 2009, kamfanin Geely na ƙasar Sin ya saye su a 2017, amma ba a kai ga miƙa wa masu saye ba. A ƙasar Sulobakiya, motar AirCar ta Štefan Klein, mai injin BMW da ke shan fetur na gidan mai, ta yi tafiyar minti 35 daga Nitra zuwa Bratislava a watan Yuni na 2021, ta sauka, ta naɗe fukafukanta cikin ƙasa da minti 3, aka tuƙa ta zuwa cikin gari. Ta samu shaidar cancantar tashi ta ƙasar a farkon 2022.

Matsalar ƙira

Babban cikas shi ne abin da mota ke buƙata da abin da jirgi ke buƙata sun saɓa wa juna. Mota tana buƙatar ƙarfe mai kauri da zai kare fasinja idan an yi karo, da taya masu faɗi, da giya, da bamba, da siffar da za ta sa ta manne wa ƙasa idan tana gudu. Jirgi kuwa kowane kilo da aka ƙara masa yana rage kayan da zai ɗauka da nisan da zai je, kuma fukafukansa suna kaiwa mita 8 zuwa 11, alhali faɗin layi ɗaya na titi kimanin mita 3 da rabi ne. Sakamakon haka duk samfurin da aka yi yakan kasa mota nagarta a ƙasa, ya kasa jirgi nagarta a sama, kuma kuɗinsa ya kan haura na sayen mota da ƙaramin jirgi daban-daban.

Akwai kuma batun kulawa, wanda masu talla ba su cika ambata ba. Idan Keke Napep ya gogi mota a cunkoson Wunti ko bakin kasuwar Muda Lawal a Bauchi, direba yakan duba wurin, a ba juna haƙuri, ya ci gaba da harkarsa har ranar da ya samu sukunin zuwa wurin mai gyaran jiki. Idan motar mai tashi ce, wannan gugar ta isa ta hana ta tashi har sai injiniya mai lasisi ya bincika ya sa hannu, domin tsagar da ido bai gani ba tana iya buɗewa a sama, inda babu gefen hanya da za a tsaya. Mai ita ma sai ya riƙe lasisi biyu, na tuƙi da na matuƙin jirgi.

Jiragen lantarki masu tashi tsaye

Tun daga wajajen 2016, lokacin da kamfanin Uber ya fitar da shirinsa na tasin sama, yawancin jari ya koma kan jiragen da ke amfani da batir da farfeloli masu yawa, waɗanda a sana'ar ake taƙaita sunansu da eVTOL. Ba sa buƙatar titin tashi, kuma ƙararsu ba ta kai ta jirgi mai saukar ungulu ba. A watan Oktoba na 2023 hukumar jiragen sama ta Sin ta amince da EH216-S na kamfanin EHang, mai kujera biyu da farfela 16, wanda ba shi da matuƙi a ciki, kuma tafiyarsa ba ta wuce kimanin kilomita 30 ba. Joby na Amurka, wanda Toyota ta zuba wa jari, yana cewa nasa zai ɗauki matuƙi da fasinja 4 zuwa kimanin kilomita 160. A Jamus kuwa kamfanonin Lilium da Volocopter duk sun shiga matsalar karayar arziki a ƙarshen 2024, bayan da shirin Volocopter na ɗaukar fasinja a gasar Olamfik ta Faris bai tabbata ba.

Batir ne ke iyakance su. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin litiyam kusan sau 40, kuma ko da yake injin lantarki ba ya ɓarnar makamashi kamar na fetur, giɓin yana nan da girma. Jirgin mai yana rage nauyi yayin da yake ƙona mansa, shi kuwa batir nauyinsa ɗaya ne ko cike ko fanko. Tashi tsaye da shawagi wuri ɗaya su ne suka fi cin wuta, shi ya sa gajeriyar tafiya cikin gari, wadda ita ake yawan tallatawa, ita ce mafi tsada a kan kowace kilomita.

Makoma

Ra'ayi ya rabu. Masu goyon baya suna ganin ingantuwar batir da tuƙi mai sarrafa kansa za su sauko da farashi. Masu suka suna ganin abin zai tsaya ga masu hannu da shuni, kuma ba zai rage cunkoso ba tunda kowane jirgi mutum 2 zuwa 4 yake ɗauka.

A Najeriya

Duk abin da zai tashi da mutane a Najeriya yana ƙarƙashin ikon hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, hukumar NAMA ce ke lura da zirga-zirgar sararin sama, kuma kwalejin horar da matuƙa ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ce babbar cibiyar koyon tuƙin jirgi. Bauchi tana da filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Gombe tana da nata a Lawanti, kuma tsakanin biranen biyu kimanin kilomita 150 ne, nisan da ya yi daidai da iyakar abin da manyan jiragen lantarkin ke iƙirari, ba tare da rarar da doka ke wajabtawa don gaggawa ba.

Yanayin yankin yana ƙara wahalar. Zafin bazara, da ke kaiwa digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, yana sa iska ta yi sako-sako har farfela ta rasa wani ɓangare na ƙarfin ɗagawa, yana kuma saurin gajiyar da batir. Hazon hunturu yana rufe gani har manyan jirage masu na'urorin sauka su kan soke tafiya. Cajin gaggawa na irin waɗannan batura yana buƙatar wuta mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, alhali a watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda babu lantarki saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta.

Inda fasahar ƙananan jiragen lantarki ta riga ta nuna amfani a zahiri shi ne jigilar kayan asibiti, kuma wannan ne ya fi cancantar kulawar hukumomin lafiya na jihohin da ke da ƙauyukan da ruwan damina ke yanke wa hanya. Kamfanin Zipline ya fara kai jini da jirage marasa matuƙi a Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019, sannan jihar Kaduna a 2022. Jirgin ba ya sauka a asibitin: yana sakin ƙaramin kwali mai lema a harabar, ya juya ya koma sansaninsa a canja masa batir. Nauyin da yake ɗauka bai kai kilo 2 ba, wanda ya ishi jakar jini ga mai haihuwar da jini ya ɓalle mata, ko allurar rigakafi, ko maganin saran maciji, matsalar da ta yi ƙamari a yankin Kaltungo na jihar Gombe har aka keɓe mata asibiti na musamman.