Yadda "literally" ta rabu da harafi tun kafin zuwan intanet

Duk sanda wani matashi a Amurka ko Ingila ya rubuta cewa ya "literally" mutu don dariya, sai masu gyaran Turanci su yi masa ca. Hujjarsu ita ce kalmar tana nufin abu ya auku a zahiri, ba majazi, ga shi kuma mutum da ransa yana shelar mutuwarsa. Ƙurar ta fi tashi a Agustan 2013, lokacin da aka lura cewa bayanin kalmar da Google ke nunawa ya ƙunshi ma'ana ta biyu, wato a sa kalmar don ƙarfafa zance ko da abin bai faru ba. Jaridu suka yi ta kukan an lalata harshe. Har gobe ana wannan muhawara, kuma yawanci kafofin sada zumunta ake ɗora wa jakar tsaba.

Kalmomi masu fuska biyu ba baƙi ba ne a Turanci. "Cleave" tana nufin tsagawa, tana kuma nufin mannewa, don asali kalmomi biyu ne a tsohon Turanci da furucinsu ya haɗe. "Sanction" kuwa, wadda duk mai fassara labaran duniya ya sha fama da ita, yau takunkumi ce, gobe amincewa, saboda a Latin doka take nufi, doka kuma tana halattawa tana hukuntawa. Waɗannan ba mai ɗaga murya a kansu. "Literally" ce kaɗai ta zama abin faɗa.

Farkon labarinta sananne ne. Daga kalmar Latin "littera" ta fito, wato harafi. Malaman Kirista suna bambanta ma'anar zahiri ta nassi da ma'anar da ake samu ta hanyar tawili, kuma a wannan fage kalmar ta fara aiki. Haka masu fassara suke sa ta idan sun juya rubutu kalma da kalma. A lokacin, maganar rubutu kawai take yi.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne ƙarshen ƙarni na 17, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. A wannan zamani marubuta suka fara ɗauko kalmar daga kan takarda suna sa ta cikin zancen rayuwa. A 1687 mawaƙi John Dryden ya yi wani baiti da ke cewa abincin yau da kullum "literally" roƙonsa ake yi. Babu ƙarya a nan. Kiristoci kan roƙi abincin yini a addu'a, shi kuwa yana nufin yunwa ce ta gaske. Amma a duba abin da ya sauya. Kalmar ta daina gaya wa mai karatu yadda zai fahimci nassi, ta koma gaya masa cewa mai maganar da gaske yake, a yarda da shi.

Shekara 21 bayan haka, a 1708, mawaƙi Alexander Pope, yana wajen shekara 20, ya rubuta wa wani abokinsa wasiƙa cewa kowace rana a wurinsa "literally" wata jiya ce, don ba abin da ya bambanta su. To, yau ba ta taɓa zama jiya ba. Abin da yake nufi gaskiya ne, rayuwarsa ta zama ɗaya kullum, amma lafazin majazi ne tsantsa. Ƙafa ɗaya a zahiri, ɗaya a waje. Kuma ba wanda ya ce ya yi kuskure.

Dalilin ba wuyar ganewa. Idan aikin kalma ya zama jawo yarda, to inda yardar ta fi wuya can za a fi neman ta, wato wurin zuguguwa. Mu ma mun san wannan. Mutum zai shigo gida ya ce, "Gaskiya yau yunwa ta kashe ni," ba kuma wanda zai tashi neman likkafani. Kalmar "gaskiya" a nan ba shaida take bayarwa kan mutuwa ba, nauyi take ƙara wa zancen. Turancin kansa ya riga ya bi wannan hanya da "very", wadda ta fito daga tsohuwar kalmar Faransanci mai nufin gaskiya, yanzu kuwa "ƙwarai" kawai take nufi. "Really" ma haka ta yi. Babu mai zanga-zanga dominsu, don sauyin ya tsufa har an manta.

Abin da ya biyo baya gangara ce. A 1769 marubuciya Frances Brooke ta sa kalmar a littafinta kan mutumin da wai yake kiwo cikin furanni, alhali zama cikin mata ake nufi. A 1876 marubuci Mark Twain ya ce Tom Sawyer, yaron da ke cikin labarinsa, yana "literally" birgima cikin dukiya, dukiyar kuwa tarkacen wasan yara ce da ya karɓe a hannun abokansa. Charles Dickens ma ya yi irin wannan amfani.

Ƙorafin bai yi ƙarfi ba sai farkon ƙarni na 20, da littattafan koyar da ingantaccen rubutu suka yawaita. Babban ƙamus na Oxford ya riga ya rubuta wannan ma'ana ta biyu a 1903, tare da gargaɗin cewa amfani ne da bai dace ba, ƙamus na Webster a Amurka kuma ya shigar da ita a 1909. Tsakanin wancan shafi na Oxford da hayaniyar 2013 akwai shekara 110.